Kamfanin haylayit ko kulob ɗin AAU, ina za a sa kuɗin yaro?

Hajiya barka da warhaka. Tsakanin biyan kamfanin nan da ya ce zai auna yaronki ya haɗa masa bidiyo ya tura wa jami'o'i, da sa shi kulob ɗin AAU na bazara (kulob-kulob na ƙwallon kwando na matasa a Amurka masu buga gasa a wajen makaranta), ni dai AAU zan ce miki kai tsaye.

Irin kamfanonin nan na taɓa biyan ɗaya saboda ɗan yayana, abin da muka samu bidiyon minti uku ne da kiɗa a ƙasa da wata takarda wai yaro ya dace da Division I, wato matakin farko na wasannin jami'o'i, sai imel da suke watsa wa koci-koci barkatai ba mai buɗewa. Iyakar amfaninsu sun tara mana adireshin makarantu wuri guda, shi ma ɗin yana shafin kowace jami'a kyauta.

Matsalar haylayit, wato bidiyon da aka tsinto wuraren da yaro ya burge, musamman ga yaro mai buga gad (mai sarrafa ƙwallo daga waje) irin naki, ƙwallon da ta shiga kawai yake nunawa, tumatirin saman kwando ne. Shi kuwa koci na ƙasan yake son gani. Idan aka toshe masa dama zai iya tafiya da hagu ko ƙwallon za ta kuɓuce? Sau nawa yake zubar da ita idan mutum biyu suka matse shi a tsakiyar fili? In dogon ɗan wasansu ya zo ya tsaya masa ya tare mai gadinsa, yana ɗaga kai ya karanta fili ya ba da fasin a kan lokaci, ko dai sunkuyar da kai yake ya afka cikin mutane? Sannan difens, wato tsaro, wanda shi ne ba wanda yake sawa a bidiyo, alhali tunda kin ce bai kai ƙafa 6 ba, shi ne abu na farko da za a tambaya, wa zai iya tsarewa. Ko jifan maki uku da kika ce ya iya, layin sakandare ƙafa 19 da inci 9 ne, na jami'a kuma ya ɗan haura ƙafa 22, ga agogon daƙiƙa 30 da dole a jefa ƙwallo kafin su cika yana kirga maka, yara da yawa hannunsu a nan yake mutuwa.

Ɗan yayan nawa a wata gasar Yuli aka gan shi, kuma wallahi ranar bai ci wani maki na kirki ba, har mun fito ransa a ɓace. Ashe wani koci na Division II yana zaune gefe kan kujerar ninkewa da ɗan littafinsa a cinya, da ya kira kocin kulob ɗin abin da ya faɗa shi ne yaron ya zubar da ƙwallo, maimakon ya tsaya yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu sai ya juya a guje ya riga kowa komawa baya ya tare, kuma da aka cire shi yana benci a tsaye yana yi wa 'yan uwansa ihun inda za su tsaya. Alhamdulillah a nan ya samu tallafin karatu, ba cikakke ba amma ya rage mana nauyi sosai. Ja Morant ma ai haka aka tsince shi, mataimakin kocin jami'ar Murray State ya fita neman abin taɓawa a wani kamp ya hango shi a ƙaramin ɗakin wasa na gefe suna buga uku-uku, lokacin ba ya cikin jerin taurari ko ɗaya, a 2019 shi aka ɗauka na biyu a NBA.

Amma fa AAU ɗin ma suna suka tara. Manyan gasanninsu su ne Nike EYBL mai ƙarewa da gasar Peach Jam a watan Yuli, da 3SSB na Adidas da na Under Armour, su kuma zaɓen yara suke. In ƙaramin kulob ne ki tambaye su gasar da za su je tana cikin ranakun da NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta yarda koci su zo kallo? In suka fara kame-kame ki riƙe kuɗinki. Gara kulob matsakaici da zai riƙa bugawa da babban suna da zai ƙare bazara a benci.

Kar kuma a maƙale wa Division I, kusan yaro ɗaya cikin ɗari ne yake kaiwa can daga sakandare. Akwai Division II, akwai NAIA (wata hukumar ta ƙananan jami'o'i), akwai kwalejin shekara biyu, Jimmy Butler na NBA ta Tyler Junior College ya bi kafin jami'ar Marquette. Division III ba sa ba da tallafin wasa sai na karatu da na buƙata. Ki kuma sa ido kan aji, NCAA na son darussa 16 da ta amince da su, da GPA (matsakaicin makin karatu) 2.3 a Division I, 2.2 a Division II, a yi masa rajista da Eligibility Center, ofishinsu na tantance 'yan wasa, tun yanzu.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, duk wanda ya ce miki sikolashif garanti in kin biya kaza, ɗan damfara ne, ba mai iya ba da ita sai makarantar da kanta. Haka masu shiga DM na yara a Instagram wai su sikawut ne masu farauto 'yan wasa, da makarantun share fage na bogi waɗanda har a hannun 'yan uwanmu a gida suke karɓar kuɗi da sunan takardar I-20 ta neman bizar karatu, yaro ya zo ya tarar ba aji ba malami sai katifa a ƙasa.

Ki biya AAU ɗin Hajiya, in da saura a kai shi kamp na jami'ar da yake so. Ki sa yayansa ya hau can saman benci da waya ya ɗauki wasa cikakke daga farko har ƙarshe ba yankewa, a ɗora a Hudl (shafin bidiyon wasanni) ko YouTube, yaron ya rubuta wa koci da kansa ya sa tsawonsa da GPA da lambar rigarsa. In ba a amsa ba tukuna kar ya damu, kocin Division I ba a yarda su kira shi ba sai daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10.