Watandan masu kiwon gida a Jos: nama mai kyau, amma sai an sa ido

Masu turke bijimi a gida wajen Bukuru da Vom sun ɗauko wata hanya: su sa hoton sa a WhatsApp, mutum goma ko sha biyu su biya, ranar Asabar a yanka a raba. Watanda ne dai irin wanda aka sani, sai dai babu dillali a tsakani.

Naman yana da kyau. Bunaji, wato farin bijimin Fulani, da ya yi wata uku a turke yana cin dusa da harawa da kowar wake, ana ba shi kanwa, tozonsa cike yake, romonsa kuma ya fi na bijimin da ya sha tafiya a mota.

A wurin awo ake samun rigima. Sa mai kilo 300 a raye, idan aka feɗe aka cire fata da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ya rage bai wuce kilo 150 zuwa 160 ba, kuma da ƙashinsa. Kashi goma ke nan, kowa kilo 15, tsokar da ke cikinsa kuwa ba ta kai haka ba. Yawancin masu sayarwa ba su faɗin wannan tun farko, rabo kuma da ido ake yi. A nemi sikeli. A kuma yanke magana kan tozo da hanta da ganda kafin a kayar da sa, domin nan ne zumunci ke ɓaci.

Abin da ya fi damun duk wanda ya san harkar shi ne dubawa. Yankan bayan gida ba likitan dabbobi, ba mai duba huhu saboda tarin fuka, ba mai tsaga hanta ya ga tsutsa. Ga allura: oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, na bukatar kusan kwana 28 kafin yanka, amma mai kiwo kan yi wa sa ita idan ya ga ya rage cin abinci, ya yanka bayan mako guda. Gara a ƙara kuɗin mota a kai shi kwata.

Sai ajiya. Nama da ɗuminsa ake ƙulla shi a leda, zafin ba ya fita, kafin Magariba ya fara tsami. A baza shi a tire ya sha iska, sanyin hunturun Jos na taimakawa. Sannan a ƙulla kilo ɗaɗɗaya, a shimfiɗe a firiza. Wanda aka tula dunƙule guda, waje ke daskarewa ciki na ruɓewa, balle a ɗauke wuta. Wanda aka daskarar nan take kuma yakan yi tauri a tukunya, ya kwana a firij tukuna.

Ƙirji da haƙarƙari na farfesu ne, cinya ta dambu. Gidan da ba shi da sola ko janareta, rabin kashi ya ishe shi.