Wata takwas da CPAP, wata shida da APAP: wadda ta fi karɓa ta

Maiɗakina ce ta fara lura. Ta ce ba minsharin ke tayar mata da hankali ba, shirun da ke biyo bayansa ne: ƙirjina yana ta kokawa, iska ba ta shiga, can sai in yi firgigit in ja numfashi. Gwajin barci ya nuna numfashina na ɗaukewa ko ya ragu sau 34 a awa guda. Likita ya ce da zarar an kai 30, abin ya yi tsanani.

CPAP aka fara ba ni, wato na'urar da ke taimaka wa numfashi lokacin barci. Iskar ɗaki take zuƙa, ba oksijin ba, ta turo ta cikin tiyo zuwa takunkumi da ƙarfi ɗaya har gari ya waye, iskar ta tokare naman maƙogwaro kada ya rufe hanya. Likitan nan na Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya bayyana dabarar a 1981, kuma na shaida tana aiki. Cikin mako biyu gyangyaɗin rana ya tafi, ciwon kan safe ma haka. Sai dai a 12 aka saita mini ƙarfin iskarta, kuma 12 ɗin nan ba ta sassautawa. Fitar da numfashi kamar ana kokawa da ni, in tashi ciki a kumbure.

APAP ce ta raba ni da wannan wahalar. Ita tana bin numfashinka ne, ta ƙara ƙarfi in hanya ta fara tsukewa, ta rage in ta buɗe. Yawancinsu daga 4 zuwa 20 suke aiki, tawa likita ya tsayar da ita tsakanin 7 da 13. In na kwanta ta gefe, wajen 8 take zama, sai na yi rigingine take hawa. Aibinta guda: wani lokaci in ta hau, iska kan zurare ta gefen takunkumi ta hura mini ido, in farka.

BiPAP ban gwada ta ba. Ƙarfi biyu gare ta, babba wajen shaƙa, ƙarami wajen fitarwa, an fi ba masu buƙatar matsi mai yawa ko masu wata matsalar huhu.

Abin da na so a ce an gaya mini tun farko shi ne takunkumi ya kusa fin na'urar muhimmanci. Mai rufe hanci da baki ya yi mini shati a karan hanci, har na yi dare uku ban sa shi ba. Da na koma ƙaramin nan mai zama a ƙofar hanci, na kuma kunna tankin ruwan da ke sa wa iska danshi, bushewar hanci ta ƙare. Ni dai APAP na zaɓa, amma lambar matsin likita ne ke yanke ta, ban taɓa juya ta da kaina ba. Jiya allonta ya nuna mini numfashina ya ɗauke ko ya ragu sau 2 a awa.