Telan Badariya da ya koyo haƙuri a kurkukun Indiya

Shekara uku ke nan ina kai ɗinkina da na yarana wurin wani tela a Badariya, nan Birnin Kebbi. Ba zan faɗi sunansa ba, don ya roƙe ni kada in faɗa. Shagon ɗan ƙarami ne, kekuna uku, benci ɗaya, sai fanka da ke juyawa in an kawo wuta.

Ɗinki dai ba ni da abin cewa. Sau ɗaya zai auna ka ya rubuta a littafi, kaftanin ya zauna maka a kafaɗa daram, aljihu bai karkace ba, kalmasa a miƙe. Ragowar yadi ko ta kai tafin hannu ce kawai, sai ya naɗe ya saka maka a leda. Sai dai ba shi da sauri, kuma ba shi da keken aikin wuya, wani yake kai wa a kasuwa, abin da ke ƙara kwana biyu ko uku. In azumi ya kai 15, ko kai wane ne ba zai karɓi ɗinkin Sallah ba. Na taɓa jin haushin haka, har na ga yadda maƙwabcina ya je Idi da tsohuwar riga saboda alkawarin wani telan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallar bara. Na je karɓar shaddata, sai na tarar yaron shagon ya ƙona gaban rigar da dutsen guga na gawayi. Ga ƙishirwar azumi, ga zafin Kebbi. Na yi faɗa sosai, na faɗi maganganun da har yau nake jin kunyarsu. Yaron jikinsa sai rawa yake yi. Maigidan ya tsayar da kekensa, ya yi shiru ɗan lokaci, idonsa a ƙasa, sannan ya ce, "Malam, laifina ne, ni na ba shi guga ban tsaya kansa ba. Zan sayo maka irinta." Ranar jajibiri na karɓi sabuwar riga, kuma yaron na tambaya da kaina, ya ce ko sisi ba a cire a kuɗinsa ba.

Bayan Sallah na koma ba da haƙuri. Na ce, "Yaya, wannan sanyin rai a ina ka samo shi?" Ya ce a gidan yari.

Yana saurayi aka ɗora masa kayan da bai kamata ya ɗauka ba, aka kama shi a Delhi, ya yi shekaru a kurkukun Tihar. Can ya koyi ɗinki, can kuma ya shiga zaman da ake kira Vipassana, hanyar horar da zuciya da ta samo asali daga koyarwar Buddha. Wata 'yar sanda, Kiran Bedi, ce ta kawo wannan zama gidan yarin a 1993 lokacin da take shugabancinsa, kuma a watan Afrilun 1994 malamin hanyar, S.N. Goenka, ya jagoranci fursunoni kusan 1,000 a zama ɗaya. Kwana 10 ake yi, tara na farko ba magana, ba ko haɗa ido. Ƙarfe 4 na asuba ake tashi, a zauna kusan awa 10 a yini. Kwana ukun farko ba abin da kake yi sai lura da shigar numfashi da fitarsa a bakin hanci. Daga nan ka riƙa bin jikinka daga ka zuwa ƙafa, ka ji zafi ko ƙaiƙayi, ka ƙi motsawa, ka ga ya zo ya wuce. Ya ce a nan ya gane fushi ma haka yake: yana fara taruwa a ƙirji da wuya kafin ya iso baki, in ka gan shi tun a can, kana da zaɓi. Ranar ƙarshe ake koya maka yi wa kowa fatan alheri, har wanda ya cuce ka. Ya ce mutumin da ya ba shi kayan nan ne ya faɗo masa a rai, ya yi kuka kamar yaro.

Gaskiya na tsorata da jin sunan Buddha, kuma na faɗa masa. Bai ɓoye min ba: dokar zaman ta ce a ajiye sauran ibadu har a gama, kuma wannan ne abin da ya fi damunsa. Ya ce shi bai iya barin salla ba, a ɓoye ya riƙa yin ta, kuma ba zai ce wa Musulmi ya je ba tare da ya tambayi malamai ba. Ni ma ra'ayina ke nan. Abin da na gani da idona shi ne, da an kira salla shi ke fara rufe shago, kuma bai taɓa yi wa kowa tallan wani addini ba.

Yaron nan da ya ƙona min shadda, ashe watansa biyu da fitowa daga gidan gyaran hali a lokacin, danginsa ma suna gudunsa. Ɗayan yaron shagon ma haka. Maigidan ya ce ya san yadda ake kallon wanda ya fito, shi ya sa su yake ɗauka. Wasu masu kawo ɗinki sun janye da suka ji labari. Ni ban taɓa rasa ko maɓalli ba.

Makon jiya na kai yadin makarantar yarana. Yaron ne ya auna su, shi zai yanka, shi zai ɗinka, maigidan yana gefe yana kallo bai ce uffan ba. Ranar Alhamis zan je karɓa.