Man shafawa mai yuriya: ya gyara bushewa, amma ya azabtar da ni a kan ekzima

Abin da ya sa na sayi wannan mai shi ne jerin sinadaran da aka rubuta a jikin robarsa. Akwai gilisarin, wanda yake janyo ruwa ya riƙe shi a saman fata, da seramayid, wato nau'in kitsen da fatar mai ekzima (ciwon fata mai sa bushewa da ƙaiƙayi) take da ƙarancinsa, sannan da yuriya, sinadarin tausasa fata, kashi 10 cikin ɗari. Ba a kuma sa masa turare ba, domin ƙamshi yana cikin abubuwan da suke tayar mini da ciwon.

A ƙwaurina da bayan hannuna, inda matsalar bushewa ce kawai, ya yi aiki sosai. Fatar ta daina yin fari-fari, kaushin kuma ya ragu, har na fara yaba shi a wurin mutane.

Ranar da na shafa shi a lanƙwasar gwiwar hannuna, inda na kwana ina susa har fatar ta tsattsage, labari ya sha bamban. Kafin in rufe robar raɗaɗi ya kama ni kamar an ɗora mini garwashi, wurin ya yi ja, kuma ko bayan na wanke shi da ruwan sanyi zogin bai lafa ba sai can cikin dare. Daga baya likitan fata ya bayyana mini cewa yuriya tana tausasa fata mai kaushi ne, amma tana yin zafi a wurin da ya fashe, musamman idan tana da yawa. Abin da ya ɓata mini rai shi ne an rubuta sunan ekzima ɓaro-ɓaro a gaban robar, alhali babu gargaɗi ko na layi ɗaya game da fasasshiyar fata, kamar masu yin sa ba su san cewa mai ekzima ba ya rabuwa da susa ba.

Yanzu baslin zalla nake sa wa wuraren da suka fashe da zarar na fito daga wanka, domin duk da maiƙonsa yana hana ruwan fata fita kuma ba ya zafi. Ƙaiƙayin ma, idan zan faɗi gaskiya, wannan mai bai taɓa rage mini shi ba. Wani ne daban mai garin hatsin ots ya ɗan kwantar da shi. Sauran man mai yuriya zan ƙarasa shi a ƙafa, amma ba zan sake saye ba.