Cire tsakuwar bututun fitsari a wani asibitin Abuja: inda suka ƙware da inda suka gaza

Sashen ƙoda da mafitsara na wannan asibiti mai zaman kansa ya cancanci yabo a kan abu guda, wato likitocinsa ba sa tsayawa a kan tsakuwar da suka gani, sai sun binciko dalilin maƙalewarta. Yayana ya daɗe yana fama da ciwon kwiɓi mai saukowa zuwa mara, kuma abin da ya saba ji a wasu wurare shi ne ya sha maganin ciwo, ya yawaita shan ruwa.

Da muka kai shi wannan asibiti, sikanin farko ya nuna ƙodar hagu ta kumbura da fitsari, hoton CT kuma, wato hoton da ke nuna cikin jiki dalla-dalla, ya nuna tsakuwa a ƙasan bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara. Tsawon wannan bututu a jikin babban mutum santimita 25 zuwa 30 ne, faɗinsa kuwa 'yan milimitoci kaɗan, kuma tsakuwar da ba ta kai milimita 5 ba galibi takan fita da kanta. Ta Yaya ta wuce haka. Bayan an gwada jini an tabbatar ƙodar za ta jure, aka sake ɗaukar hoto da rinin da ake zubawa ta jijiya, sai ga bututun ya tsuke dab da mafitsara. Likitan ya juyo da allon kwamfuta, ya nuna wurin da bakin biro, sannan ya tambaya: "Alhaji, ka taɓa fitsarin jini kana yaro?" Yaya ya ce ƙwarai, kamar sauran yaran da suke wanka a rafin ƙauyenmu. Tsargiya ke nan, wadda ƙwayayen tsutsarta suke maƙalewa a jikin mafitsara da ƙasan bututun su bar tabo, kuma ko da magani ya kashe tsutsar, tsohon tabo ba ya gushewa.

Wannan binciken ne ya sa suka ƙi fasa tsakuwar da na'urar da ke aiki daga wajen jiki, domin ɓurɓushin ba zai sami hanyar wucewa ba. Sun shiga da siririyar kyamara ta hanyar fitsari, suka buɗa wurin da ya tsuke, suka farfasa tsakuwar da leza, suka bar siririyar robar da ake kira sitent a cikin bututun domin fitsari ya riƙa wucewa, duka ba tare da tsaga ciki ba.

Gazawarsu tana wajen bayani. Kuɗin aikin ba a faɗe shi dunƙule ba, sai ana kawo takarda bayan takarda, kuma ba mu san cire robar yana da nasa kuɗin ba sai ranar sallama. Mafi muni shi ne ranar cirewar da baki wata nas ta faɗa, ba a rubuta ba, alhali robar da aka manta watanni a jiki takan tara ɓawon tsakuwa har ta toshe ƙodar. Haka nan ba wanda ya gargaɗi Yaya cewa yawan jin fitsari da ɗan jini-jini abu ne da robar kan haddasa, sai da hankalinsa ya tashi ya buga waya. Tsakuwar ma ba a kai ta awo don sanin irinta ba sai da muka nema, kuma mu muka tambayi lokacin da za a sake sikanin domin a ga ko tsukewar ta dawo.