Kafin ka sayi laftof a Zariya, duba yadda za ka riƙa isa ga fayilolinka

Mai sayen laftof 'yar gwanjo a Samaru ko Sabon Gari yakan tambayi girman RAM da daɗewar batir, ya biya ya tafi. Ba kasafai ake tambayar abin da hannu zai fi yi kullum ba, wato buɗe folda ɗaya safe da yamma. Ɗalibin ABU mai rubuta binciken kammala digiri yana buƙatar gajeriyar hanya a fuskar kwamfutarsa wadda za ta kai shi babi na uku da dannawa biyu, kuma a nan kwamfutocin suka sha bamban.

Windows ce ta fi yawa a shagunanmu, tana kuma da wannan dabara tun Windows 95. Ka danna foldar da maɓallin dama, ka zaɓi Send to, sannan Desktop. A Windows 11, wadda ta fito a 2021, sai ka fara danna Show more options kafin ka ga zaɓin. Hanya mafi sauri ita ce ka riƙe Alt ka ja foldar zuwa fuskar kwamfuta. Za ka ga 'yar kibiya a ƙasan alamar.

Kibiyar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Tana gaya maka cewa wannan nuni ne kawai, ainihin fayil ɗin yana wani wuri. Ana samun ɗalibi ya kwafi mai kibiyar a filas, ya hau keke Napep zuwa shagon buga takardu a Kongo, a buɗe a tarar babu komai. Amfanin nunin kuwa babba ne: ka ajiye aikinka a ɓangaren D na ma'ajiyar kwamfuta, ka bar nunin kawai a fuska. Ranar da mai gyara ya ce sai an wanke C, wato ɓangaren da Windows take, aikinka na nan lafiya lau, nunin kaɗai za ka sake. Idan za ka ɗauki Windows, ka tuna Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, don haka ka nemi wadda za ta ɗauki 11, mai ƙwaƙwalwar Intel (processor) daga ƙarni na 8 (8th Gen) zuwa sama.

MacBook ce ta fi iya wannan aiki a ganina. Make Alias ake dannawa, kuma ko ka sauya wa fayil suna ko ka mayar da shi wata folda a cikin na'urar, nunin zai bi shi. Sai dai tsada, ga wahalar kayan gyara.

Wanda aka saka wa Linux ya tambayi wacce iri ce. GNOME, tsarin fuskar da wasu nau'o'in Linux ke amfani da shi, ta cire alamomin fuska daga manhajar fayilolinta a 2018, Ubuntu, wani nau'in Linux, da ƙarin manhaja take mayar da su. Linux Mint ta fi sauƙi: riƙe Ctrl da Shift ka ja. Amma ka matsar da ainihin fayil, nunin ya mutu.

Chromebook ce nake jan kunnen iyaye a kanta, domin arharta na ruɗar mutane. Ba a ajiye fayil ko folda a fuskarta sam, iyaka ka maƙala fayil a layin ƙasa. Ga yaro mai karatu a intanet ta isa, ga mai tarin takardu kuwa takura ce.

Ni dai ga ɗalibi ko malamin makaranta a Zariya, Windows zan ce, don ko'ina akwai mai gyaranta. Illarta ita ce ƙwayar cutar nan ta shagunan buga takardu, wadda ke ɓoye foldodin filas ta maye gurbinsu da masu kibiya. In ka ga filas ɗinka ya cika da kibiyoyin da ba kai ka yi ba, kada ka danna ko ɗaya. Fayilolinka yawanci suna nan a ɓoye, sai ka sa manhajar kashe ƙwayar cuta ta tantance shi tukuna.