Kafin ka zuba kuɗinka a kan littafi: wanda zan saya, wanda zan aro, da yadda ake cutar mutane da jabu

Satin da ya wuce ɗan yayata ya zo min da wata doguwar lis a wayarsa, yana tsaron shago a Kantin Kwari kafin a ba shi admishan, yace Kawu na ɗan tara wasu kuɗi ina so na fara karatu sosai, wanne zan fara saya a cikin waɗannan. Na karɓa na duba, littafi goma sha biyu, duk na Turanci, duk na yadda ake yin kuɗi da yadda ake juya mutane, babu na Hausa ko ɗaya. Gaskiya abin ya taɓa ni, don yaron nan a Kano aka haife shi, a Kano ya girma, amma bai taɓa riƙe Magana Jari Ce a hannunsa ba sai ɗan guntun da aka karanta musu a aji. To abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku, musamman masu ƙaramin ƙarfi da ba za su iya sayen komai lokaci ɗaya ba.

In kuɗin littafi ɗaya gareka, Magana Jari Ce zaka saya, ni dai ban da wani kokwanto a nan. Abubakar Imam ya rubuta shi, mutumin Kagara, an haife shi 1911 ya rasu 1981, shi ne editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Littafin kashi uku ne, na farko ya fito a 1937, kuma har yau ban ga wanda ya kamo ƙafarsa wajen sarrafa Hausa ba. Labarin dai na Sarki Abdurrahman ne da ɗansa Musa da jikansa Mahmudu, da wani aku da aka saya wa Musa. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci yana so Musa ya fita daga gida a hallaka shi, shi kuma Musa zuciya na ta ɗibarsa ya bi Mahmudu fagen fama, sai aku ya dinga riƙe shi da labari, kullum ya yi shiri zai fita sai akun ya ɗauko wani, kafin a gama gari ya waye. Ka tsaya ka yi tunanin wannan kawai, tsuntsu ba shi da takobi ba shi da dogari, bakinsa kaɗai ya tsare ran ɗan sarki har ya kai shi ga zama waziri. Duk abin da littattafan Turawa ke ta ƙoƙarin koya maka a shafi ɗari uku, wato yadda zaka yi magana da wanda ya fi ka, yadda zaka hana mai fushi aikata ɓarna ba tare da ka ce masa kar ka yi ba, yadda zaka gane mai yi maka dariya alhali wuƙa ce a bayansa, yana nan a ciki, kuma da irin mutanen da ka sani a unguwarku.

Kashi na biyun gasar labari ce tsakanin akun nan da wani aku mai suna Haziƙ, na ukun kuma Waziri Aku ne ke koyar da ɗansa Fasih, kuma ni na ukun na fi komawa yanzu da na fara tara iyali, don akwai yadda uban ke gyara wa ɗan magana, ya nuna masa inda ya yi gaggawa da inda ya ja zance ya yi tsawo, wanda duk mai koyar da yaro ya kamata ya gani. Wasu za su ce ai ba Imam ne ya ƙirƙiri labaran ba, ya ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya da littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai. Haka ne, ba a ɓoye yake ba. Amma je ka karanta Kalala da Kalalatu ka gaya min inda ka ji ƙamshin wata ƙasa, kajin nan da matar ta soya ta lamushe, da yadda ta haɗa mijin da baƙon gudu, wallahi kamar a lungunmu aka yi. Kakata Allah ya jiƙanta ba ta iya boko ba, ni nake karanta mata da daddare a tsakar gida da fitilar ƙwai, in na zo wajen da ta fi so sai tace maimaita min nan ɗan nan, kuma shi ya sa har yau ma'aunina na farko a littafin Hausa shi ne ko zai karantu da baki a gaban mutane ba tare da harshe ya sarƙe ba.

Bayansa sai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Siriri ne, zama ɗaya zaka gama shi, amma zai daɗe a ranka, saboda uwar nan da ta bar komai ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wahala har Tarabulus, kuma da ƙyar ta gan shi kafin rai ya yi halinsa. Shi da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi duk daga gasar nan ta 1933 suka fito ta rubuta ƙagaggun labarai da Hausa wadda wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a Zariya. Ruwan Bagaja ka saya in kana son dariya, rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba ya tsufa. Ganɗoki yaƙi ne da aljanu da cika baki, ka aro. Idon Matambayi ban ga abin da zai sa ka kashe masa kuɗi ba sai in nazari kake. Jiki Magayi yana da kyau ga mai son ganin inda ramuwar gayya ke kai mutum.

Na baya-bayan su kuwa, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da ya fito a 1980 ya cancanci a ajiye a gida, ko don kasancewarsa na mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, duk namijin da ke shirin ƙara aure ya karanta shi tukuna, maganar gaskiya ce ta gidajenmu na Kano babu rufa-rufa. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare akwai zafi da zubar da jini, kar ka ba yaro. In kana son na waje amma Turancinka bai nuna ba, nemi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell, sai dai samunsa yanzu sai an tona. Mai Turanci kuma ya fara da Things Fall Apart na Achebe, na 1958, ko The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi wanda labarinsa ma a Arewa yake, Turancinsu mai sauƙi ne.

To mu zo kan lis ɗin yaron nan. A cikin sha biyun biyu kawai na bar masa. The Richest Man in Babylon na George Clason, tsoho ne tun 1926, ƙarami, kuma abin da yake cewa a fili yake, duk abin da ka samu ka ware kashi ɗaya cikin goma ka ajiye kafin ka taɓa sauran, kar kuma ka ba wanda bai san sana'a ba kuɗinka ya juya. Yaron shago zai iya fara wannan gobe, ko da asusu ko da adashi. Sai dai inda yake maganar ba da rance da ruwa ka san wannan ba namu ba ne, ka tsallake. Na biyu Atomic Habits na James Clear, 2018, shi ma don yana maganar ƙaramin abu da zaka dinga yi kullum ne, ba mafarki ba. How to Win Friends na Dale Carnegie ba laifi, amma wanda ya tashi a gidan da ake gaida manya a durƙushe ya riga ya san rabinsa. Rich Dad Poor Dad an gina shi a kan bashin banki da harajin Amurka da sayen gidaje da lamuni, ka gaya min yadda wannan zai yi aiki a Kurna ko Ɗorayi. Think and Grow Rich maimaici ne. The Secret ko kyauta aka ba ni bana so, wai ka zauna ka ƙudurta abu a rai duniya ta kawo maka, ina tawakkali ina neman halak. 48 Laws of Power kuwa koyar da makirci ne tsagwaronsa, halin Wazirin nan na Magana Jari Ce aka mayar darasi. In gyaran zuciya kake nema da gaske, Riyadus Salihin na Imam Nawawi yana nan a Kasuwar Kurmi har da mai fassara, kuma akwai malamin da zai biya maka shi a masallacin unguwarku ba ko sisi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don duk wannan zaɓen banza ne in ka je ka sayo jabu. Ni an yi min, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wata shekara na je sayen Magana Jari Ce guda ukun zan kai wa ƙanwata gudunmawar biki, don ta ce min tana so ta dinga karanta wa yaran da za ta haifa. Mai shagon ya miƙo min su a naɗe cikin leda an like, nace Malam bari na buɗe na duba, yace haba Alhaji sabo ne dal daga kamfani, in ka yage ledar wa zai saya. Na yarda na biya. Sai bayan wata biyu ta kira ni tace Yaya littafin nan na biyu fa labari yana cikin tafiya sai ya koma baya. Na je na gani da idona, shafi goma sha shida babu su, an maimaita waɗanda suka gabace su a gurbinsu, na ukun kuma tana buɗe shi sosai gam ɗin ya tsage takardu suka zubo a cinyarta. Na koma wajen mutumin yace shi bai san ni ba. Kuɗin ba su dame ni kamar kunyar ba, kyautar aure ce fa.

Tun daga ranar ga yadda nake yi, kuma ko mai shago zai ɓata rai sai na yi. Ba na sayen littafin da aka hana ni buɗewa, ko a Kurmi ne ko Sabon Gari ko wajen Bata, balle masu yawo da su a danja da go-sulo waɗanda kafin ka buɗe shafin farko an saki hanya. Ina ɗaga takarda ɗaya sama wajen haske, in rubutun bayan yana hudowa har ya hana ka karanta na gaba, jabu ne. Ina bin lambar shafi da yatsa daga tsakiya, don a tsakiyar ake yin aika-aikar, farko da ƙarshe kullum lafiya suke. Ina duba zanen da ke ciki, na ainihi layukansa a fili suke, na hoto kuwa fuskokin sun zama baƙi ƙirin kamar an shafa gawayi. A littafin Hausa ka lura da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, in an yi ta hoton hoto sai ƙugiyar ta narke, ka kasa bambance ƙafa da kafa. Ka duba sunan kamfanin ɗab'i, su Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar na NNPC Zariya ne, wato kamfanin buga littattafai na Arewa ba na man fetur ba, amma kar wannan kaɗai ya ruɗe ka don ɓarayin har tambarin suke kwafewa. Ka buɗe littafin ka ɗan danne shi a tafin hannu, in ka ji gam yana ƙara to kwanansa kaɗan ne. Sannan ka duba bango da ciki sun dace, na taɓa ganin bangon na uku an lulluɓe na ɗaya da shi. In kuma farashin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ba arha ka samu ba.

Na Turancin nan na neman kuɗi su suka fi yawan jabu, don su ake rububi. Akwai ma wata sabuwar cuta, a ɗauko taƙaitawar littafi daga intanet mai shafi talatin ko arba'in, a buga da manyan baƙaƙe don ya yi kauri, a manna masa bangon na ainihi. Ga kuma masu tallan PDF a WhatsApp da Telegram, littafi ɗari a kuɗi kaɗan, ka tura kuɗi su toshe ka, in ma sun turo rabi ba ya buɗuwa. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa sun fassara da Hausa, babu sunan mai fassara babu na kamfani, ka karanta layi uku ka ji Hausar ba ta mutum ba ce, inji aka ba ya juya. Kuma dan Allah mu daina tura littattafan marubutanmu na Kano a guruf-guruf, yawancinsu da kuɗin aljihunsu suke bugawa, wasu har da bashi, in an raba kyauta da me za su buga na gaba. In ba ka da kuɗi ka je laburaren Murtala Muhammad ka zauna ka karanta, ko ku haɗu ku uku kowa ya sayi ɗaya ku dinga musaya.

Ranar Asabar na raka yaron da kaina. Mun shiga shago uku kafin mu samu wanda ya yarda muka buɗe, muka zauna a kan benci muka bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, mai shagon har ya kawo mana ruwa yace shi ma ya fi son mai saye ya duba a gabansa. Kuɗinsa sun isa Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu da ƙaramin na Clason, na ukun na cika masa. Jiya ya turo min saƙo wajen ƙarfe sha ɗaya na dare yace Kawu Musa ya sake ɗaura sirdi zai fita, akun kuma ya fara wani labarin. Shaihu Umar muka ajiye sai ƙarshen wata in maigidansa ya sallame shi.